Ɓeran da ya zo daga layin masu lafiya

Idan aka ce ciwon sukari, galibi tsoho mai ƙiba muke gani a zuci. To akwai wani iri daban, nau'i na ɗaya, mai kama yara da matasa. A wannan, garkuwar jikin mutum ce da kanta ke kashe ƙwayoyin da ke yin insulin cikin pankireyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Tun da aka gano insulin a Toronto a 1921 ake riƙe ran irin waɗannan yara da allura. Amma me ya sa jiki ke yaƙar kansa? Ba a tsaga yaro mai rai don a duba. Sai aka koma ga ɓera.

Ba kowane ɓera ba fa. A 1909 wani Ba'amurke, Clarence Little, ya fara haɗa ɓeraye wa da ƙanwa, zuriya bayan zuriya. In aka kai zuriya 20 a haka, duk ƴaƴan sun zama kamar tagwaye, gadonsu ɗaya. Amfanin shi ne, in biyu sun bambanta a gwaji, ka san ba daga gado ba ne.

A Japan, cikin ɗakin binciken kamfanin magani na Shionogi, Susumu Makino da abokan aikinsa suna kiwon ɓeraye masu yanar ido. Daga cikinsu suka ware layi biyu: ɗaya mai sukari ɗan sama a jini, wanda suke sa ran zai ba da ciwon, ɗayan kuma mai sukari daidai, don kwatance kawai. A 1974 sai ga wata mace tana yawan fitsari, tana ramewa, sukari cike da fitsarinta. Daga wane layi? Daga na masu lafiyar! Jikokinta ne aka gabatar wa duniya a 1980 da sunan NOD, wato mai ciwon sukari marar ƙiba.

Wannan ɓera ya nuna abin da ba a iya gani a jikin yaro. Tun yana da mako 3 zuwa 4 fararen ƙwayoyin jini ke fara kewaye wurin da ake yin insulin, amma ciwon ba ya bayyana sai daga mako 12. Kenan yaƙin ya daɗe ana yin sa shiru kafin ƙishirwa da fitsari su fito.

Sai maganar gado. A 1987 masana a jami'ar Stanford suka gano cewa wani furotin da ke nuna wa garkuwar jiki abin da za ta kai wa hari yana da canji a gurbi na 57 a jikin NOD. A shekarar dai aka samu irin wannan canji, a gurbi guda, ga mutane masu ciwon. Amma shi kaɗai bai isa ba. Da aka riƙa haɗa NOD da ɓerayen da ba sa kamuwa, ana musanya guntun gado ɗaya bayan ɗaya, an samu wurare fiye da 20 masu hannu a ciki. Kuma ko da gado ɗaya, mata sun fi maza kamuwa, sannan waɗanda aka kiwata a ɗaki mai tsabta ƙwarai sun fi na ɗaki mai ƙwayoyin cuta kamuwa. Gado yana buɗe ƙofa ne, ba shi kaɗai ke turo ciwon ba.

Inda abin ke da ciwo shi ne nan: hanyoyi fiye da 100 sun hana ciwon a jikin NOD, kusan dukkansu suka kasa a jikin mutum. Ɗaya ta tsallake. A 1994 Lucienne Chatenoud a Paris ta nuna cewa wani magani mai kwantar da fararen ƙwayoyin jini yana warkar da ɓeran. Sai a Nuwamba 2022 Amurka ta amince da ɗan uwansa, teplizumab, ga mutane. Shi ma ba ya warkarwa. Jinkirta ciwon yake da kamar shekara 2.

Shekara 28 tsakanin ɓera da mutum. Saboda haka in kun ji a rediyo wai an warkar da ciwon sukari, ku tambaya tukuna: a jikin wa?