Gwajin Griess

Gwajin Griess hanya ce da ake bi a ɗakin gwaje-gwaje domin kimanta yawan sinadarin naitirik oksaid a jini, fitsari ko yawu. Bajamushe Peter Griess ne ya bayyana shi a shekarar 1879.

Muhimmanci

Jiki yana samar da naitirik oksaid domin buɗe hanyoyin jini. A cutar sikila, wadda ta yawaita a ƙasar Hausa, fashewar jajayen ƙwayoyin jini tana rage shi.

Yadda ake yi

Sinadarin yana ɓacewa cikin daƙiƙu kaɗan, don haka ana auna abin da ya rikiɗe ya zama, wato naitirait da naitiret. Ana fara mayar da naitiret zuwa naitirait, sannan a zuba haɗin gwajin, sai samfurin ya koma ruwan hoda. Na'ura tana auna ƙarfin launin a nanomita 540.

Abin lura

Abinci da ruwan sha suna iya canza sakamako. A yankunan noma irin su Bichi da Dambatta, alayyahu, ko ruwan rijiyar da takin zamani ya shiga, kan iya ƙara naitiret a jiki. Shi ya sa ake ɗibar jini da safe kafin a karya kumallo.