Magungunan Ciwon Damuwa: Yadda Suke Aiki da Haɗarinsu

Ciwon damuwa cuta ce, ba raunin imani ba ne. Mai shi yakan yi mako 2 ko fiye cikin baƙin ciki, barci da cin abinci su rikice, abin da yake so a da ya fita daga ransa. Shari'a ta halatta neman magani, shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa 'yan'uwa bayanin magungunan da likitoci ke rubutawa.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai, daga ciki akwai serotonin. In saƙo ya isa, jijiyar da ta saki sinadarin takan sake tsotse shi. Fluoxetine da sertraline suna rage wannan tsotsa, sai sinadarin ya daɗe yana aiki. An amince da fluoxetine a Amurka a 1987. Amitriptyline ya girme su, yana kuma taɓa sinadarin noradrenaline. Fluoxetine da amitriptyline suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Sauƙi ba ya zuwa nan take. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 6, kuma galibi akan ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Dainawa farat ɗaya na kawo jiri, rashin barci da saurin fushi, don haka likita ne zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan.

Fluoxetine da 'yan'uwansa kan jawo tashin zuciya, ciwon kai da raguwar sha'awar iyali. Amitriptyline kan busar da baki, ya sa barci da taurin bayan gida, kuma shan sa fiye da kima na iya tsayar da zuciya. A ɓoye shi daga yara. Haɗa su da tramol, wanda ya yi katutu a garuruwanmu, na iya jawo zazzaɓi, karkarwa da farfaɗiya. Ga wanda bai kai shekara 25 ba, tunanin kashe kai na iya ƙaruwa a makonnin farko. Iyaye su sa ido, in sun ga alama su garzaya asibiti.

Mai juna biyu da mai shayarwa su sanar da likita. A Ramadan kada a ajiye magani; a tambayi likita ko za a mayar da shi lokacin sahur ko bayan buɗa-baki. Kada a saya wajen masu talla a kasuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.