Albarushi da Zafin Rana: Dalilin da Ya Sa Harsasan Farautar Giwa Suka Yi Ƙato

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda ba su samu damar saurare ba, ko kuma data ta yi musu ƙaranci.

A shekarar 1959 wani Ba'amurke mai suna Jack Lott ya je farauta a Mozambik. Bindigar da ke hannunsa sabuwar yayi ce a lokacin, mai cin harsashin .458 Winchester Magnum, wanda aka fito da shi shekara uku kacal kafin nan, musamman domin manyan namun dajin Afirka. Ya harbi ɓauna, ɓauna ba ta faɗi ba, ta juyo kansa ta ji masa rauni. Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba. Da ya warke ya koma gida, sai ya duƙufa yana nazarin harsashin, har ya tsaya a kan cewa kwanson ya yi wa albarushin da ake ɗura masa kaɗan. Za mu dawo kansa. Amma kafin a gane abin da ya gano, sai mun ja baya shekara 75.

Albarushin da kakanninmu maharba suka sani, wanda ake ɗura wa adaka da bindigar toka, shi ne baƙin albarushi. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, haɗin gawayi da farar wuta da wani gishiri da Turawa ke kira salfita. Aibinsa sananne ne: hayaƙi kamar an ƙona bola, ga datti, domin fiye da rabinsa ba ya zama iska idan ya ƙone, toka yake zama. Sai dai fa yana da wata kyakkyawar ɗabi'a, ba ya tara matsi mai tsanani a cikin bindiga.

A 1884 wani masanin sinadarai na Faransa, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi daga audugar da aka jiƙa da asid. Suka sa masa suna Poudre B, kuma a 1887 sojojin Faransa suka karɓi bindigar Lebel mai amfani da shi. Ingila ba ta yarda a bar ta a baya ba. A 1889 Frederick Abel da James Dewar suka yi rajistar nasu haɗin, kodayit, wanda ake murzawa dogo-dogo kamar taliya. Na farkon da suka yi, kashi 58 cikin ɗari naitirogilisarin ne, kashi 37 irin waccan auduga, kashi 5 kuma basilin. E, basilin ɗin da kuka sani na shafawa.

Sabon albarushin nan ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba. To amma ya zo da halaye guda biyu waɗanda zafi ke tayarwa, kuma yana da kyau a bambance su, don mutane kan haɗa su waje ɗaya.

Na farko shi ne lalacewa a ma'aji. Idan albarushi marar hayaƙi ya daɗe a wuri mai zafi, yakan soma ruɓewa a hankali, har ya kai ga kama wuta da kansa. Faransa ta ɗanɗana wannan. A watan Maris na 1907 jirgin ruwan yaƙinta mai suna Iéna ya tarwatse a tashar Toulon, mutum fiye da 100 suka mutu. A watan Satumba na 1911, a wannan tashar dai, jirgin Liberté ya bi sahu, aka rasa mutum fiye da 200. Duka biyun, Poudre B aka ɗora wa laifi. Maganin wannan ciwo shi ne ƙara wasu sinadarai masu hana ruɓewa, da kuma ajiye kaya a wuri mai sanyi.

Hali na biyu shi ne ainihin maganarmu ta yau. Albarushi lafiyayye, sabo fil, idan ya ɗumama yakan ci wuta da sauri fiye da yadda yake ci in yana da sanyi. Saurin cin wuta kuwa shi ne hauhawar matsi. Kodayit na farko ya yi ƙaurin suna a nan. Harsashin da aka ɗura aka gwada a sanyin Landan ko Birmingham, a sa shi a jirgin ruwa ya sauka Mombasa ko Bombay, ya wuni a rana, to da an ja kunama matsinsa ya zarce wanda aka auna. Kwanson tagulla ya kumbura ya manne a cikin bindiga. Ka ga mutum yana tsaye, giwa ta nufo shi, shi kuma yana kokawa da kwanso ya ƙi fita. Bindiga mai baki biyu, wadda manyan maharban wancan zamani suka fi so, ita ta fi shan wahala, domin ƙarfen da ke zaro mata kwanso ba shi da wani ƙarfi.

Maƙeran bindiga na Ingila ba su da sinadarin da zai gyara halin kodayit. Sai suka ɓullo wa abin ta wata hanya: tunda ba za a iya hana matsi hawa ba, a bar masa fili. Kamfanin John Rigby ya fito da .450 Nitro Express a 1898. Da aka soma kukan maƙalewar kwanso, sai kamfanin Eley ya fito da .450 mai lamba 2 a 1903, kwansonsa inci uku da rabi, ƙato, amma gudun harsashin kusan ɗaya da na farkon. Ƙarin girman nan ba don ƙarin ƙarfi aka yi shi ba, don a sauke matsi ne. A wancan zamani kuma masu ɗura harsasai a Ingila sukan yi ɗuri na musamman domin ƙasashe masu zafi, wanda aka rage wa kodayit.

Wannan tunani shi ya haifi harsasai biyu da har gobe ake farauta da su. Akwai .416 Rigby na 1911, mai ƙaton ciki. Akwai kuma .375 na kamfanin Holland & Holland na 1912, wanda kwansonsa ya tafi a tsuke tun daga gindi har wuya, kamar mazurari, don ko ya kumbura ya saki jikin bindiga cikin sauƙi. Kalmar magnum ɗin ma da ke manne da sunansa, a Latin ma'anarta babba.

Bayan yaƙin duniya na biyu, ragamar kasuwa ta koma Amurka. Su kuma Amurkawa suna da sabon albarushi mai ƙwaya-ƙwaya kamar gero, wanda Fred Olsen ya ƙirƙiro a kamfanin Western Cartridge a shekarun 1930. Sai Winchester suka ce, me zai hana a samu ƙarfin tsohon .450 Nitro Express a gajeren kwanso mai inci biyu da rabi, wanda zai shiga bindiga mai araha? Haka aka yi .458 Winchester Magnum a 1956. Ya karɓu ƙwarai, musamman da harsasan Ingila suka soma wuyar samu, har ya zama na ma'aikatan gandun daji a ƙasashen Afirka da dama.

Sai dai don a kai ga gudun da aka yi alkawari, dole a danna albarushi a cikin ɗan kwanson nan, a danne shi da kan harsashi. Maharba a Afirka suka yi ta kawo ƙorafi cewa idan harsasan suka daɗe a zafi, albarushin yakan dunƙule ya zama curi, ba ya cin wuta daidai, wani harbin ya fita da ƙarfi, wani ya fita a raunane. Kun ga filin nan da Ingilawa suka bari a 1903, shi aka cinye a 1956. Shi ya sa maganin da Jack Lott ya kawo a 1971 bai wuce komawa tsohuwar hanya ba: ya tsawaita kwanson zuwa inci 2.8, albarushi ya samu wurin zama. Sunansa harsashin yake amsawa har yau, .458 Lott.

In kuna son ganin bambancin a lissafi, ga misali. A 1988 kamfanin Remington ya fito da nasa .416, mai jefa harsashi mai nauyin giram 26 a gudun wajen mita 730 a daƙiƙa, daidai da abin da ake samu daga .416 Rigby. To amma iyakar matsin da hukumar gwajin makamai ta Turai ta yanka wa na Rigby bar 3,250 ne, na Remington kuwa bar 4,300. Aiki ɗaya suke yi, amma ɗaya a sake yake, ɗaya a ƙure. Wanda yake a ƙure, shi ya fi buƙatar albarushin da zafi ba ya ruɗawa. Haka lamarin yake ga su 7mm Remington Magnum na 1962 da .300 Winchester Magnum na 1963, waɗanda ake farautar nesa da su.

A nan ne masu ɗura harsashi da hannunsu suka shigo labarin. A Amurka sana'a ce da sha'awa wadda doka ta amince da ita, saɓanin nan Najeriya inda mallakar harsashi ma sai da lasisi. A 1947 wani mutumin jihar Kansas, Bruce Hodgdon, ya sayi fam 50,000 na albarushin soja da ya yi saura bayan yaƙi, ya zuba a tsohon taragon jirgin ƙasa, yana sayar wa irin waɗannan mutane. Da ragowar yaƙi ta ƙare, kamfaninsa ya nemi masu yi masa sabo, har ya dangana da wata masana'anta a garin Mulwala na Ostareliya, wadda aka gina lokacin yaƙin duniya na biyu. Daga can ne ake kawo su Varget da H4350 da H1000 da Retumbo, waɗanda Hodgdon ke sayarwa da tambarin Extreme, kuma suka yi suna wajen rashin damuwa da sauyin yanayi. Sirrin yana cikin ƙwayar: ɗan guntun sanda ce mai rami a tsakiya, an shafe ta da sinadarin da ke rage mata saurin kama wuta, ta yadda ɗumi ko sanyi ba sa sauya cin wutarta sosai. Wasu kamfanonin ma sun biyo baya da nasu.

To, an gama ke nan? A'a. An rage matsalar ne sosai, ba a kashe ta ba. Maharbin da ya gwada ɗurinsa a zafin watan Yuli, sannan ya hau duwatsun Colorado cikin ƙanƙara a watan Nuwamba, harsashinsa zai iya rage gudu. A mita 100 ba zai lura ba, amma a mita 400 harbin zai sauka ƙasa da inda ya saita, ya raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale. Wanda kuma ya gwada a sanyi ya tafi kwarin Zambezi a watan Oktoba, shi matsi ne zai hau masa, irin abin da ya sami maharban zamanin kodayit.

Shi ya sa ƙwararrunsu ba sa tsayawa ga abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Sukan sa wasu harsasai a firji, su ɗumama wasu, su harba ta gaban na'urar auna gudu su ga tazarar da ke tsakani. Ba sa wuce ma'aunin da kamfanin albarushi ya wallafa, kuma in tafiyar ƙasa mai zafi ce sukan tsaya ƙasa da iyaka. Ba sa barin harsashi a gaban mota rana na dukansa, ba sa barinsa ya daɗe a cikin bindigar da ta yi zafi da harbi. In ka duba da kyau, shawarar da Eley suka yanke a 1903 ita ce dai suke bi: a bar wa matsi fili.

A nan za mu dakata. Wanda ya taso gidan maharba, ya gaya mana yadda dattawa ke adana albarushinsu lokacin bazara da damina, muna son ji. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mu kwana lafiya.