Hikimar Hannu: Karanta Littafin Fitowa daga Kasuwar Illela

Duk wanda ya shiga kasuwar Illela ranar Lahadi zai ga raguna da jajayen awaki suna kwararowa daga ɓangaren Ƙonni. Fatun irin waɗannan awaki ne majema ke jiƙawa da toka, su jeme da bagaruwa, a rina da karan dafi, har dukawa su ɗinka. A da ayari kan ƙetare Sahara da su, Turawa kuma su saye su da sunan fatar Maroko. Abin da nake son nunawa shi ne, mutumin da ya san wannan aiki yana da mabuɗin wasu surori na littattafan Yahudawa da Kiristoci da masu karatu da yawa kan tsallake don gajiya.

Littafin Fitowa ya ware sura 25 zuwa 31 ga umarnin gina alfarwar sujada, sannan 35 zuwa 40 ga yadda aka aiwatar. Awo ne da ƙugiyoyi da labule da zare. Cikin kayan rufin har da fatun raguna da aka rina ja, wato aikin majemi da marini ke nan. An kuma ambaci masu aikin da sunansu: Bezalel ɗan Uri na kabilar Yahuza, da Oholiyab na kabilar Dan. Abin lura shi ne kalmar da nassin ya zaɓa wa gwanintarsu ta ƙira da sassaƙa da saƙa. Da Ibrananci hokma ce, 'yar'uwar hikma ta Larabci, wadda muka aro muka ce hikima. Ita ce dai kalmar da aka yi wa Annabi Sulaimanu shaida da ita wajen shari'a. Matan da suka kaɗa gashin awaki a sura ta 35 su ma da ita aka yabe su.

A nan Hausa ta yi sa'a. Turanci yakan raba kalmar biyu, ɗaya ta alƙali, ɗaya ta maƙeri. Bahaushe kuwa yana cewa dattijo ya yi magana da hikima, ya kuma dubi sirdi ko ƙofar da aka ƙera ya ce an zuba hikima. Saboda haka mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda cikakkiyar fassararsa ta fara fitowa a 1932 da jagorancin Dakta Walter Miller na Zariya, ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya gane cewa a wannan nassi basirar kai da ta hannu tushensu ɗaya. Musulmi ma ba baƙo ba ne a nan, tunda Suratu Saba da Suratul Anbiya sun ambaci saƙar sulke cikin baiwar da aka yi wa Annabi Dawuda.

Sai dai kada a ɗauka yabo ne zalla. Tsakanin umarni da aiwatarwa aka saka sura ta 32, labarin ɗan maraƙin zinariya da aka zuba da 'yan kunnen jama'a. Zinariyar iri ɗaya ce da ta alfarwa, dabarar narkarwa ma ɗaya. A ganina da gangan aka jera su haka, don a nuna cewa ba a hukunta gwaninta sai an ga abin da ta yi wa hidima.

Akwai wata hujja da ta fi wannan nauyi a kan ra'ayina: al'ummar da ta riƙe littafin ba ta ɗaukaka majemi ba. Mishna, kundin shari'ar malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, ta ce a nesanta wurin jima kamu hamsin daga gari, ta kuma ba matar majemi damar neman saki saboda wari. Mu ma ba mu tsira ba. M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 kan matsayi a tsakanin Hausawa, ya nuna yadda sana'a ke sa mutum sama ko ƙasa, kuma kowa ya san ba sama ake sa mahauci da majemi ba. Ana ƙawata gidan sarki da jar fata, ana toshe hanci a ƙofar wanda ya jeme ta.

Da wannan idon ya kamata a karanta Ayyukan Manzanni sura ta 9 da ta 10. Manzo Bitrus ya sauka a Yafa, ya yi kwanaki masu yawa a gidan Saminu majemi, gidan da marubucin ya ce yana bakin teku. Majemi zai gane dalili nan take: ruwa da yawa, da iskar da ke kwashe wari. A kan soron wannan gida ne Bitrus ya ga wahayin da ya rushe masa iyakar tsarki da ƙazanta, daga nan ya tafi gidan Karniliyas, hafsan sojan Roma. Marubucin bai yi sharhi kan sana'ar mai masaukin ba, amma sau uku yana ambatonta.