Daga Tashar Jiragen Ruwa Zuwa Katin Hoto: Tarihin Cinikin Kwamfutar Wasa a Jimeta da Yola

Katin hoto, wanda masu sayar da kayan kwamfuta suka fi kira girafik, wani ƙaramin allo ne da ake sokawa a cikin kwamfutar tebur domin ya ɗauke wa furosesa, wato sashen da ke gudanar da lissafin na'urar baki ɗaya, nauyin zana hotunan da ke motsi a fuskar allo. Shi ne yakan cinye kaso mafi tsoka na kuɗin wanda zai haɗa kwamfutar wasa a karon farko, saboda haka zaɓensa ya zama abin da matasa ke daɗewa suna shawara a kai. A ƙasashen da ake ƙera shi, ana auna katin matsakaicin farashi da dala da kuma yawan hotunan da yake iya zanawa a cikin daƙiƙa ɗaya. A Jimeta da Yola kuwa, akwai wasu ma'aunan da suka riga kwamfuta zuwa garin, waɗanda suka haɗa da hanyar da kaya ke bi kafin su iso, da darajar kuɗin da ke hannun mai saye, da halin wutar lantarki da zafin gari, kuma tarihinsu ne ke bayyana dalilin da ya sa shawarar da ta dace da mai saye a Landan ba lallai ta dace da na unguwar Karewa ko Jambutu ba.

Modibbo Adama ya kafa Yola a matsayin hedikwatar masarautar Fombina a 1841, a nesa kaɗan da kogin Binuwai, yayin da Jimeta, wadda ke bakin ruwa, ta bunƙasa a matsayin tasha bayan da jiragen 'yan kasuwar Ingila suka fara hawo kogin a shekarun 1880. Kamfanin Royal Niger, wanda ya sami takardar izinin sarauta a 1886, ya daɗe yana ciniki daga cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kan ruwa, yana kawo gishiri da yadi yana kwasar hauren giwa da ƙaro da sauran albarkatun ƙasa. Bayan da sojojin Ingila suka ci Yola a watan Satumba na 1901 suka kori Lamiɗo Zubairu, Jimeta ta zama mazaunin ma'aikata da kantunan Turawa da baƙi 'yan kasuwa daga ƙasar Hausa da Barno da kudu. Abin lura a nan shi ne kogin ba ya ɗaukar manyan jirage sai a 'yan watannin da ruwa ya cika, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, don haka garin ya saba tun asali da karɓar kayan waje a makare, bayan sun ratsa hannaye da yawa daga gaɓar teku. Layin dogo bai taɓa isowa Yola ba, kuma da sufurin ruwa ya mutu, musamman bayan kammala madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru a 1982, sai hanyar mota mai tsawon fiye da kilomita 1,000 daga Legas ta gaji kogin. Kwamfuta ta biyo wannan tsohuwar hanya ce, kuma ta gaji jinkirinta da tsadarta.

A shekarar da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Yola, wato 1981, kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur, wadda katinta mai launi, CGA, ke nuna launi 4 kacal a lokaci guda a yanayin da aka fi yin wasa da shi. An kai launi 16 da EGA a 1984, sannan 256 da VGA a 1987. Babban sauyi ya zo a 1996 da katin Voodoo na kamfanin 3dfx, wanda ya sa kwamfutar gida ta iya zana duniya mai zurfi da faɗi da tsayi, sannan a 1999 kamfanin Nvidia ya fito da GeForce 256, ATI na ƙasar Kanada ya biyo da Radeon a 2000, kafin AMD ya saye shi a 2006. Duk wannan ya wakana ne alhali kwamfuta a tsohuwar Jihar Gongola, wadda aka ƙirƙiro a 1976 aka kuma raba ta gida biyu, Adamawa da Taraba, a 1991, kayan ofis ce da jami'a da banki, sai kuma shagunan buga takardu, inda ake biyan kuɗin shafi a buga wa ɗalibi kundin bincikensa ko a tsara katin ɗaurin aure.

Wasan allo ya shigo wa yaran garin ne ta wata ƙofa daban, ƙofar gidan gem, wato ɗakin haya mai benci da talabijin da na'urar Sega ko Nintendo, daga baya PlayStation, inda ake biyan kuɗin wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi ya ba na gaba wuri. PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, ta daɗe tana mulkin waɗannan ɗakuna saboda wasannin ƙwallon ƙafa na Konami da na FIFA, kuma dalilin daɗewarta yana da muhimmanci ga wannan tarihi: ba ta cin wuta sosai, ƙaramin janareta na iya ɗaukar ta tare da talabijin da fanka, kuma mai gyaran rediyo na unguwa yana iya sauya mata idon karanta faifai. Tun a wancan lokaci kasuwar garin ta nuna cewa na'urar da ta jure wutar Nepa ita ke zama, ko da akwai wadda ta fi ta kyan hoto.

Zuwan wayar salula a 2001, da buɗe shagunan intanet da suka dogara da tauraron ɗan'adam, da mayar da duba sakamakon jarrabawa da neman gurbin karatu kan intanet, sun sa dubban matasa sun saba da linzami da allon rubutu. Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda Atiku Abubakar ya kafa a Yola ta kuma fara ɗaukar ɗalibai a 2005, ta yi suna da intanet marar waya a harabarta da dogaro da laftof wajen karatu, yayin da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Girei, wadda aka sa wa sunan Modibbo Adama a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, suka samar da ɗaliban da ke buƙatar na'ura domin zanen gine-gine da taswira da rubuta manhaja. Da hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta kuma mayar da ita dole a 2015, sai aka shigo da kwamfutocin tebur masu yawa domin cibiyoyin jarrabawa. Kusan dukkansu na hannu ne, irin waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam, tsofaffin HP da Dell da ofisoshin Turai da Amurka suka gama yayinsu, aka sauke su a Legas, suka bi ta kasuwar Computer Village ta Ikeja ko Alaba, wasu kuma ta Abuja da Kano, kafin su iso shagunan da ke kewayen babbar kasuwar Jimeta.

Wannan tsohuwar kwamfutar ofis ita ce uwar kwamfutar wasa ta farko ga mafi yawan matasan yankin, kuma siffarta ce ta yanke hukuncin katin da za a saya. An ƙera ta da ƙaramin akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak, mai ƙarfin da sau da yawa bai wuce wat 240 zuwa 300 ba, kuma ba shi da wayar da ke ba babban kati ƙarin wuta. Ramin PCI Express da ake soka kati a jikin madabod, wato babban allon da sauran sassa ke hawa, ba ya bayar da fiye da wat 75. Shi ya sa fitowar katin GTX 750 Ti a watan Fabrairu na 2014, a kan dala 149 da cin wutar wat 60, ta fi muhimmanci ga garuruwa irin Jimeta fiye da fitowar manyan katuna da jaridun fasaha suka fi zuzutawa, domin da shi tsohuwar Dell ta iya ɗaukar wasan GTA V lokacin da ya iso kwamfuta a 2015. GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019 sun bi sawunsa, dukkansu ba su wuce wat 75 ba, kuma akwai masu gajeren jiki da ke shiga siririn akwati. Wanda yake son hawa mataki na gaba, wato GTX 1060 mai wat 120 ko RX 580 na AMD mai wat 185, dole ya sauya akwatin wuta, wani lokaci har da gidan kwamfutar, kuma a nan ne kasafin mai haɗawa na farko yakan fashe.

Daga 2017 wani abu da ba shi da alaƙa da wasa ya shigo kasuwar, wato haƙar kuɗin intanet, musamman Ethereum, wadda ake yi ta hanyar jera katuna masu yawa suna lissafi dare da rana. Masu haƙa sun kwashe RX 580 da ire-irensa, farashi ya tashi, ya sake yin tashin gwauron zabo a 2021 lokacin da annobar korona ta haddasa ƙarancin sassan lantarki, har RTX 3060 da aka sa wa dala 329 ya riƙa sayuwa a kan ninkin haka. A ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta daina amfani da wannan hanya, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki ba hutu suka kwararo kasuwannin kayan hannu, aka wanke wasu aka sauya musu fanka da kwali a Sin, suka iso Afirka da kamannin sababbi. Mai gyaran da ya san aikinsa yana gane su idan ya kwance kusoshi huɗun da ke bayan kati: man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar kati da ƙarfen sanyaya ya bushe ya farfashe, jikin allon ya yi duhu a kewayen ƙwayoyin ma'adana, fanka kuma tana girgiza idan aka juya ta da yatsa. Akwai kuma na jabu, tsohon GTS 450 da aka sauya wa bayanan ciki domin ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti, wanda manhajar GPU-Z ke tona wa asiri cikin minti ɗaya. Abin takaici ne cewa irin waɗannan sun fi faɗawa hannun yaron da ya daɗe yana tara kuɗi, wanda kuma ba shi da halin mayar da kaya Legas idan suka mutu bayan mako biyu.

Sai kuma maganar naira, wadda ita ce ta fi sauya ma'anar matsakaicin farashi. A 2013, lokacin da dala ke kusan naira 160, GTX 760 mai dala 249 ya kama kimanin naira 40,000 kafin kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa, wato albashin wata biyu da 'yan kwanaki a mafi ƙarancin albashi na naira 18,000. Magajinsa a wannan mataki, RTX 4060, ya fito a watan Yuni na 2023 a kan dala 299, a daidai watan da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kuma da dala ta haura naira 1,500 a 2024 sai kuɗinsa ya doshi naira 450,000, fiye da albashin wata shida a sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Katin da masu ƙera shi ke ɗauka na tsakiya ya koma na masu hali, na tsakiya a Jimeta kuma ya zama wanda ya yi shekaru da fitowa, irin su GTX 1660 Super na 2019 da RX 6600 na 2021. Wannan tsada, tare da yaɗuwar PUBG Mobile da Call of Duty Mobile a wayoyin hannu tun 2018 da 2019, ta sa masu sayen kati a yau galibi suna da wata sana'a a zuciya ban da wasa, kamar tace bidiyon biki da zanen gini da tsara tallace-tallace, ayyukan da ke buƙatar ma'adanar kati mai yawa.

Wutar lantarki ba ta taɓa barin wannan lissafi ba. Kamfanin rarraba wuta na Yola, wanda ke kula da Adamawa da Taraba da Barno da Yobe, yana ƙarshen dogon layin da ya taso daga Jos ya bi ta Gwambe, kuma da aka lalata turakun wannan layi a watan Afrilu na 2024 yankin ya yi makonni cikin duhu, ga shi cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya riga ya mayar da janareta abin tsada. Batirin inbata na gama-gari, mai bolt 12 da amfiya 200, yana ɗauke da wat 2,400 na awa ɗaya a rubuce, amma kusan rabi ne ake iya ja ba tare da an kashe batirin ba, don haka kwamfutar da ke cin wat 350 za ta yi awa uku da ɗoriya, wadda ke cin wat 200 kuma ta yi shida. Ga zafin bazara, inda ma'auni ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya har ta dunƙule kamar audugar katifa, kuma katin da ya yi zafi yana rage gudunsa da kansa domin kada ya ƙone, ma'ana mai shi ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai mora ba.

Idan aka ɗora waɗannan a kan ma'auni ɗaya, RX 580 mai araha da ya cika kasuwar kayan hannu ba shi ne zaɓi mai kyau ga mai haɗawa na farko a wannan gari ba, duk da ma'adanarsa ta gigabayit 8, saboda cin wutarsa da shekarunsa da kuma yiwuwar ya fito daga gidan haƙa. RX 6600 mai wat 132 da RTX 4060 mai wat 115 sun fi shi gudu nesa ba kusa ba, suna kuma cin wuta ƙasa da shi, ga wanda kuɗinsa ya kai, yayin da GTX 1650 ya ci gaba da zama mafita ga mai tsohuwar kwamfutar ofis. Kowanne aka zaɓa, wajibi ne mai saye ya ware kuɗin akwatin wuta mai inganci da na'urar daidaita wuta tun kafin ya taya kati, ya sa a kunna masa shi a cikin shago a ɗora masa wasa mai nauyi na tsawon rabin awa yana kallon ma'aunin zafi, sannan ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar katin da adadin kwanakin garanti kafin ya miƙa kuɗinsa.