Daga Gonar Gahawa Zuwa Turbar Kekuna: Tarihin Hanyar Kongo-Nilu a Ruwanda

Masu iya magana na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Yau za mu leƙa yammacin Ruwanda, wadda ake yi wa kirari da ƙasar tuddai dubu, mu bi tarihin wata hanya da ta yi suna a wurin masu hawan keken tsauni. Ana kiranta Turbar Kongo-Nilu. Tsawonta kilomita 227, ta taso daga Rubavu a arewa, ta bi gaɓar Tafkin Kivu ta Karongi da Nyamasheke, ta dire a Rusizi a kudu. Ta ci sunan ne daga tsaunukan da ke raba ruwan sama gida biyu: wanda ya gangara yamma ya nufi Kogin Kongo, wanda ya gangara gabas ya nufi Kogin Nilu. Hukumar raya ƙasa ta Ruwanda ta buɗe ta ga masu yawon buɗe ido a 2011, amma ƙafafun manoma sun daɗe da fitar da ita kafin a kafa mata alluna.

Tushen labarin gahawa ce. 'Yan mishan ne suka fara dasa ta a Mibirizi, kusa da Rusizi, a 1904, zamanin mulkin Jamus. Da Beljiyam ta karɓi ƙasar, sai ta tilasta wa talakawa nomanta a shekarun 1930. Tun daga nan gahawa ta zama babbar hanyar samun kuɗin manomi, turbobin da ke tsakanin gonaki kuma suka zama hanyar fitar da ita, akasari a ka. A 1989 yarjejeniyar gahawa ta duniya ta rushe, farashi ya faɗi warwas. Shekara biyar bayan haka aka yi kisan ƙare dangi na 1994, wanda ya ci rayuka kimanin dubu 800 a kwana ɗari, gonaki da yawa suka zama saura.

Da ƙura ta lafa, ƙasar ta yanke shawarar neman kasuwa da ingancin gahawarta, tunda ba za ta iya gogayya da manyan ƙasashe a yawa ba. Aka shiga gina wuraren wanke gahawa, kamar na Maraba da ke kudu. A nan ne sufuri ya zama ƙashin bayan sana'ar. 'Ya'yan gahawa, da zarar an tsinke su, dole su isa wurin wanki cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba su fara tsami, darajarsu ta zube. Manomin da ke bayan tudu na uku, da buhu a ka, yakan iso a makare. Waɗanda suka fi dabara sukan sassaƙa keken katako, marar kaca marar feda, su tura shi a hawa, su hau shi a gangara, rai a hannun Allah.

A wannan hali Tom Ritchey ya iske su a 2005. Shi Ba'amurke ne maƙerin kekuna, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa keken tsauni a Kalifoniya a shekarun 1970, lokacin da samari ke gangaro duwatsu a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya don nishaɗi. Da ya ga keken katako, sai ya ƙera wanda aka sani da keken gahawa: dogon baya, faffaɗar kariya ta ɗaure buhuna, birki mai ƙarfi, da kacar da ke sauƙaƙa hawan tudu. An riƙa ba manoma shi bashi, su biya sannu a hankali. Ta haka fasahar da aka ƙirƙiro don wasa ta koma bauta wa gona.

Wasan ma bai bar su a baya ba. A 2006 aka shirya tseren kekunan katako da na tsauni a Karongi, inda wani saurayi mai suna Adrien Niyonshuti ya yi fice. An kashe masa 'yan'uwa maza shida a 1994. Shi ne ya riƙe tutar Ruwanda a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ya kuma zo na 39 a tseren keken tsauni. A Satumbar 2025 Kigali ta karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a nahiyar Afirka.

Yau baƙo kan kwashe kimanin kwana biyar a kan keke kafin ya ƙure turbar, mai tafiya a ƙasa kuwa kwana goma. Yana ratsa gonakin ayaba, da wake, da shayi, da gahawa, yana hangen masunta a tafki. Mu da muka tashi muna ganin manomi ya ɗaure buhun masara a bayan keke ya nufi kasuwa, mun san gumin wa ke raya irin wannan hanya. A Ruwanda, kowace Asabar ta ƙarshen wata jama'a kan fito aikin da suke kira umuganda, tamkar gayyar da muka gada, su share magudanar ruwa, su cike ramukan da damina ta haƙa.

Saboda haka abin lura shi ne inda kuɗin baƙo ke sauka. In ya kwana a masaukin ƙauye, ya ɗauki ɗan gari jagora, ya sayi gahawa a hannun ƙungiyar manoma, turba ta biya masu ita. In kuwa komai a birni aka biya, an koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk yankin noman da ke sha'awar buɗe hanyoyinsa ga masu kekuna, ya dace ya fara da wannan lissafi, tun kafin a kafa allon farko.