Takardar Bilali da gonakin da aka ƙwace: bauta da yaƙin basasa a gaɓar Jojiya

A wajajen 1939, wani matashin Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg, wanda ya zo ƙasar Kano yana nazarin Maguzawa, ya zauna gaban malamai ya miƙa musu hoton wasu shafuka na rubutun Larabci. Tawada ta huda takardar, haruffa sun cakuɗe, wasu kalmomin kuma an rubuta su ne yadda kunne ya riƙe su. Malamai suka duba suka juya, suka ce wannan kam aikin aljanu ne. Da aka natsu aka bi shi layi-layi, sai ga kamannin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin nan da ɗalibai ke ɗauka a zaurukanmu bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Akwai zancen alwala, akwai kiran salla. Daga baya wasu masana sun ce mai rubutun tattaro abin da ya rage masa a ka ya yi daga karatun Malikiyya na ƙuruciya.

Shafi 13 ne kacal, kuma bawa ne ya rubuta su, a wani tsibiri mai suna Sapelo a gaɓar tekun jihar Jojiya ta Amurka. Sunansa Bilali Muhammad. An haife shi a Timbo ta Futa Jalon, cikin ƙasar Gini ta yau, wajajen 1770. An kama shi yana saurayi, ya yi shekaru yana bauta a tsibiran Karibiyan, sannan wani mai manyan gonaki, Thomas Spalding, ya saye shi a farkon ƙarni na 19.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Jojiya ta fara ne da haramta bauta. Turawan Ingila da suka kafa ta a 1733 ƙarƙashin James Oglethorpe sun hana shigo da bayi a 1735. Tsoron tawaye da tsoron Sifaniyawan da ke maƙwabtaka a Fulorida su ne manyan dalilai, tausayin baƙar fata kaɗan ne a ciki. Manoma suka yi ta ƙorafi suna hangen arzikin Karolina ta Kudu, har aka ɗage dokar a 1751. Daga nan fadamun gaɓar teku suka koma gonakin shinkafa, kuma masu sayen bayi sun fi neman mutanen Senegambiya da Saliyo, waɗanda suka gaji noman shinkafa kaka da kakanni. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga a wata gona kusa da birnin Savannah, sai auduga ta bazu cikin ƙasa kamar wutar daji. Ƙidayar 1860 ta sami bayi 462,198 a jihar, kusan mutum 44 cikin kowane ɗari.

Spalding ya ɗora Bilali a kan ɗaruruwan bayinsa. A wurinmu da sai a kira shi sarkin gandu: shi ke raba aiki, shi ke tabbatar an yi. A nan ne labarinsa ke da nauyi a zuciya, domin malamin da ya riƙe sallarsa da azuminsa cikin bauta shi ne kuma idon ubangida a kan 'yan'uwansa. Lokacin yaƙin Amurka da Ingila na 1812, sa'ad da jiragen Ingila ke yi wa bayi tayin 'yanci a gaɓar nan, Spalding ya ba Bilali da wasu bayi kimanin 80 bindigogi su tsare tsibirin. A guguwar 1824 kuma shi ya tattara mutane cikin gine-gine masu ƙarfi na gonar ya tsirar da su. Ni dai ba zan yanke masa hukunci daga inuwar ɗakina ba, amma ba zan ɓoye wannan ɓangaren don labarin ya yi daɗi ba. A tsibirin St. Simons da ke kusa akwai takwaransa, Salih Bilali, Bafulatanin Masina, shi ma sarkin gandu, wanda ubangidansa James Hamilton Couper ya shaida cewa yana azumin Ramadan kuma ba ya taɓa giya.

Bilali ya rasu wajajen 1857, ya bar 'ya'ya da yawa, cikinsu har da Fatima da Madina da Binti. A shekarun 1930 masu tattara tarihin baka suka sami tattaɓa-kunnensa, Katie Brown, ta ba su labarin carbi da salla a kan lokaci, da wata waina da ake yi sau ɗaya a shekara a raba wa yara, ana ce mata saraka. Ko ba a faɗa ba, Bahaushe ya ji sadaka a ciki.

Shekara biyu bayan rasuwar Bilali aka yi abin da baƙaƙen Jojiya ke kira Lokacin Kuka. Pierce Butler, magajin manyan gonakin shinkafa da auduga a bakin kogin Altamaha, ya ci bashi ta hanyar caca da hasarar hannun jari. Don a biya, aka kwashe bayinsa sama da 400, maza da mata da jarirai, aka zuba su a bargar dawaki ta filin sukuwa a Savannah. Ranakun 2 da 3 ga Maris 1859 aka yi gwanjonsu, ruwan sama na zuba ba ƙaƙƙautawa. An tara sama da dala 300,000. Mutanen da aka haifa a gona ɗaya, iyayensu da kakanninsu na kwance a maƙabarta ɗaya, aka watsa su jihohi daban-daban. Butler ya bi su yana miƙa wa kowa dala guda. 'Yan watanni kafin haka, a Nuwamba 1858, jirgin Wanderer ya sauke 'yan Afirka kimanin 400 a tsibirin Jekyll, shekara 50 cif bayan Amurka ta haramta shigo da bayi, kuma kotu ba ta kama kowa da laifin fataucin ba.

Jojiya ta ɓalle daga Tarayyar Amurka ranar 19 ga Janairu 1861, yaƙin basasa ya biyo baya. Har yau akwai masu cewa wai 'yancin jihohi aka yi wa yaƙi. Amsarsu tana bakin ɗan Jojiya, Alexander Stephens, mataimakin shugaban ƙasar 'yan-a-ware, wanda ya tsaya a Savannah ranar 21 ga Maris na shekarar ya shaida wa jama'a cewa tubalin ginin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata bai kai Bature ba, kuma bauta ce matsayin da ya dace da shi. Mutum-mutumin Stephens na nan a ginin majalisar dokokin Amurka yana wakiltar jihar.

Yaƙin ya iso tsakiyar Jojiya gadan-gadan a 1864. Atlanta ta faɗi ranar 2 ga Satumba, kuma a tsakiyar Nuwamba Janar William Sherman na rundunar Tarayya ya tashi da dakaru kimanin 60,000 ya nufi teku, suna tumɓuke layin dogo, suna ƙone rumbuna. Dubban bayi suka bar gonaki suka bi sawun rundunar. Ranar 9 ga Disamba, a rafin Ebenezer, wani janar na Tarayya mai suna Jefferson C. Davis ya sa aka janye gadar kwale-kwale da zarar sojojinsa sun haye. Aka bar ɗaruruwan mutane a wancan ƙetaren, mahayan 'yan-a-ware na tafe a bayansu. Wasu suka faɗa ruwa suka nutse, waɗanda aka kama aka mayar da su bauta. Waɗannan fa su ne sojojin da ake cewa sun zo ceto.

Surutun da abin ya jawo ya sa sakataren yaƙi Edwin Stanton ya zo Savannah da kansa. Ranar 12 ga Janairu 1865, shi da Sherman suka zauna da shugabannin baƙaƙe 20, akasarinsu limaman coci, suka tambaye su me suke so. Mai magana da yawunsu, Garrison Frazier, dattijo ne ɗan shekara 67 wanda ya fanshi kansa da matarsa a kan dala 1,000. Bai yi kwana-kwana ba: a ba su ƙasa su noma da guminsu, har su sami abin sayenta. Kwana huɗu bayan haka Sherman ya fitar da umarni mai lamba 15, wanda ya ware tsibirai da gaɓar teku daga Charleston zuwa kogin St. Johns, mil 30 cikin ƙasa, a raba wa kowane iyali har eka 40. Kafin tsakiyar shekara, mutum kimanin 40,000 sun zauna a gonakin. A Sapelo da St. Catherines, wani baƙar fata ɗan New Jersey, Tunis Campbell, ya jagoranci rabon, ya buɗe makarantu, ya kafa majalisa da 'yan sintiri.

Shuka ɗaya suka girbe. An kashe shugaban ƙasa Lincoln a Afrilu, magajinsa Andrew Johnson ya yafe wa tsofaffin iyayengiji, kafin shekara ta ƙare kuma ya ba da umarnin a mayar musu da gonakin. A ganina wannan ita ce babbar cin amanar da aka yi bayan yaƙin, domin mutumin da aka 'yanta aka hana shi gona, yunwa za ta mayar da shi ƙofar wanda ya baro. Campbell bai saduda ba. Ya ci zaɓen majalisar dattawan jiha a 1868, aka kore shi tare da sauran baƙaƙen 'yan majalisa saboda launin fatarsu, ciki har da Henry McNeal Turner. Sun koma kujerunsu a 1870, amma a 1876 aka ɗaure Campbell, yana tsoho, aka tura shi aikin ƙarfi na fursunoni.

Mutanen Sapelo suka bi doguwar hanya: suka tara kuɗi suka saya. A 1871 wasu 'yantattu ƙarƙashin William Hillery suka sayi fili mai faɗi a Raccoon Bluff. Amma bayan attajirin taba R. J. Reynolds ƙarami ya mallaki galibin tsibirin a 1934, aka yi ta matsa wa ƙauyukan baƙaƙe da musayar filaye har aka tattara su a wuri ɗaya, Hog Hammock. Yau gwamnatin jiha ce ke da kusan duk tsibirin, zuriyar bayin da ke zaune a ƙauyen kuwa 'yan gomomi ne. Marubuciya Cornelia Walker Bailey, jinin Bilali, ta ƙare rayuwarta tana kare wannan ƙasa har ta rasu a 2017. A 2023 hukumar gundumar McIntosh ta ba da izinin ninka girman gidajen da za a iya ginawa a ƙauyen, abin da mazauna suka ce zai ɗaga haraji ya kore su, suka garzaya kotu.

Ita kuwa takardar Bilali tana ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Jojiya da ke garin Athens. Kira nake ga masana tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami na Jami'ar Bayero da Gidan Arewa a Kaduna: ku nemi hotonta ku sake zama a kanta. A Kano aka fara gane ta, kuma idon da ya saba da rubutun allo zai ga abin da ya kuɓuce wa wasu.